Mallakar Gida da Kuɗin Bashi a Najeriya: Asusun NHF, Bankin Kasuwanci, Bankin Musulunci, ko Biya Kaɗan-Kaɗan?

Magidancin da ya shekara goma yana zaman haya, kowace shekara mai gida na aiko masa da ƙarin kuɗi, ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin mallakar muhalli. Abin da ke hana shi barci shi ne ƙofar da zai bi, domin kuɗin gida ba sa taruwa a hannun mai albashi ko ƙaramin ɗan kasuwa lokaci guda. Ƙofofin da ke gabansa a yau huɗu ne: lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, lamunin bankin kasuwanci, yarjejeniyar bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, sai kuma biya kaɗan-kaɗan, ko dai ga kamfanin gine-gine ko ta hanyar ƙungiyar gama kai. Yawancin masu tambaya kan tsaya a kan nawa za su riƙa biya a wata. A ganina akwai tambayoyi biyu da suka fi wannan nauyi, kuma doka ce ke amsa su: sunan wa ke kan takardar gidan a tsawon shekarun biya, kuma me zai faru ranar da biyan ya gagara?

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne takardar fili da kowace hanya ke nema. Na biyu, jimillar abin da zai fita daga aljihu daga farko har ƙarshe, haɗe da kuɗin lauya, rajista da inshora. Na uku, tsawon wa'adi da ko sharuɗɗan za su tsaya yadda aka sa musu hannu. Na huɗu, sauƙin samu. Na biyar, hukuncin wanda ya kasa biya. Ga Musulmi da yawa akwai na shida wanda ke gaba da sauran duka, wato batun riba, kuma zan taɓo shi a inda ya dace.

Takarda ce ke buɗe ƙofa

Tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen kowace jiha amana ne a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda satifiket ɗin mallaka ke tabbatarwa, galibi na shekara 99 idan na gidan zama ne. Sashe na 22 na dokar ya hana sayarwa ko jinginar da irin wannan haƙƙi sai da amincewar gwamna, sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan filayen da ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, sashe na 26 kuma ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta nuna cewa maganar ba ta wasa ba ce, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda ta rushe wata jingina saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, banki ya rasa damar sayar da kadarar. Tun daga nan bankuna suka ƙara tsananta bincike a kan takardu.

Wannan ne ya sa dubban gidaje a Kano, Zariya, Katsina da Sakkwato ba su da wata daraja a idon banki, komai kyan gininsu. Filin awon igiya da aka saya da takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, ko gidan gado da ba a raba ba, ba abin da lauyan banki zai karɓa ba ne. Na taɓa raka wani malamin makaranta, abokin zamana, wani bankin lamunin gidaje. Ya zo da takardunsa a cikin leda, an linke su har sun fara yagewa a tsakiya, ga sa hannun dagaci, ga hoton ginin da ya kai linta. Ma'aikaciyar ta duba su da ladabi, ta tambaye shi lambar fulotin a taswirar gwamnati, ya ce babu. A nan zancen ya ƙare, duk da cewa an shekara goma sha ɗaya ana cire masa kuɗin asusun gidaje daga albashi. Saboda haka duk wanda ke tunanin jingina, ya fara da ofishin filaye na jiharsa, kamar KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ya sa lauya ya bincika masa rajistar filin kafin ya ba kowa ko sisin kwabo.

Hanyoyin a taƙaice

| Ma'auni | Lamunin NHF | Bankin kasuwanci | Bankin Musulunci | Kamfanin gini ko gama kai |
|---|---|---|---|---|
| Takarda | Satifiket mai rajista | Satifiket mai rajista | Satifiket mai rajista | Sau da yawa ba a nema |
| Tsada | Ruwa kashi 6 a shekara | Ruwa sama da kashi 20 a 'yan shekarun nan | Ribar ciniki ko kuɗin haya, kusa da farashin kasuwa | Ƙari a kan farashin gida, ko ɗan ƙari a kan rance |
| Wa'adi | Har shekara 30 | Gajere ko matsakaici | Gajere ko matsakaici | Watanni zuwa 'yan shekaru |
| Sharuɗɗa na canzawa? | A'a | Galibi suna canzawa | Murabaha (saye da sayarwa) ba ta canzawa, ijara (haya) tana iya canzawa | Ya danganta da yarjejeniya |
| Sauƙin samu | Akwai jira mai tsawo | Da sauri ga mai babban albashi | Matsakaici | Mafi sauƙi |
| Idan an kasa biya | Ana iya sayar da gidan | Tara, sannan sayar da gidan | Ana iya sayar da gidan, bashi ba ya hayayyafa | Soke ciniki, ko bashin ya koma kan masu tsayawa |

Lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa

An kafa asusun da doka ta 3 ta 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, ke kula da shi. Ma'aikaci na zuba kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashinsa duk wata, kuma tun bayan gyaran da aka yi wa dokar a 2023, zubin ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, ya ci gaba da zama wajibi ga ma'aikatan gwamnati. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi ya cancanci neman lamuni, kuma mai sana'ar kansa ma yana iya yin rajista ya riƙa zubawa. Ba kai tsaye ake karɓa daga FMBN ba, ana bi ta wani bankin lamunin gidaje mai lasisi, wanda shi ne ke tantance takardu, ya riƙe jinginar, ya kuma karɓi biya.

Ta fuskar tsada babu mai kama ƙafar wannan hanya. Kuɗin ruwa kashi 6 ne a shekara, ba ya hawa ba ya sauka, wa'adi kuma na iya kaiwa shekara 30 gwargwadon shekarun da suka rage wa mutum kafin ritaya. Idan aka ɗauki naira miliyan 10 a shekara 20, biyan wata zai kama kusan naira 71,600, jimilla kusan miliyan 17.2. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024, bashin da ruwansa ya tsaya a kashi 6 nauyinsa raguwa yake yi kowace shekara. Sai dai akwai ƙa'idar cewa biyan wata kada ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, wanda ke nufin mai neman waccan miliyan 10 sai albashinsa ya kai kusan naira 215,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ƙananan ma'aikata da yawa suna zubi ne a asusun da ba za su taɓa iya cin lamuninsa mai tsoka ba, kuma wannan abin damuwa ne ƙwarai. Abin da ya rage musu shi ne karɓar zubinsu da ɗan ƙarin kashi 2 idan sun kai shekara 60 ko sun cika shekara 35 suna aiki.

Babban cikas shi ne jira. Takardu kan ɗauki watanni suna yawo tsakanin bankin da aka bi ta hannunsa, FMBN da ofishin filaye, kuma mai gidan da ake son saya ba lallai ya yi haƙuri ba. Haka nan kada arhar lamunin ta sa a ɗauke shi kamar rabon gwamnati. Jingina ce cikakkiya, mai rajista, kuma wanda ya daina biya gidansa na cikin haɗari kamar na kowane mai bashin banki. Ga wanda kuɗin kafin alƙalami ya gagare shi, hukumar fansho ta PenCom ta fitar da ƙa'ida a 2022 da ta ba mai asusun fansho damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 na ajiyarsa ba don wannan buƙata, muddin ya yi wata 60 ana zuba masa. Dama ce mai amfani, amma daga guzurin tsufa ake yankowa.

Game da riba, kashi 6 ƙari ne da aka sharɗanta a kan bashi, kuma ƙanƙantarsa ba ta canza sunansa a wurin malamai da yawa. Wanda wannan ya dame shi ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa tun kafin ya cike fam.

Bankin kasuwanci

Wannan ita ce hanya mafi sauri ga wanda albashinsa ke shiga bankin kuma takardunsa suka cika, ita ce kuma mafi tsada nesa ba kusa ba. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, kuma bankuna a kan wannan ma'auni suke ɗora nasu farashin. Mu ɗauki waccan miliyan 10 a kan kashi 25. A shekara 10, biyan wata zai kai kusan naira 227,500, jimilla miliyan 27.3. Idan aka ja wa'adin zuwa shekara 20, biyan wata zai sauko kaɗan ne kawai zuwa kusan naira 209,800, jimillar kuwa ta haura miliyan 50. Wannan lissafi ya isa ya nuna dalilin da ya sa dogon wa'adi ba ya taimakon kowa idan ruwa ya yi yawa.

Abin da ya fi tsadar haɗari shi ne sakin layin da ke ba banki damar sauya kuɗin ruwa gwargwadon yanayin kasuwa. Mutum zai sa hannu a kan wani adadi, bayan shekara ɗaya a aiko masa da saƙon cewa an ƙara, albashinsa kuwa yana nan inda yake. Ƙa'idojin kare abokan hulɗa da Babban Banki ya fitar a 2019 sun wajabta wa banki ya bayyana duk caji da sharuɗɗa a rubuce kafin a ƙulla yarjejeniya, jadawalin cajin bankuna kuma ya iyakance tarar jinkiri zuwa kashi 1 a wata na abin da ba a biya ba. Wanda aka caje shi fiye da ƙima zai fara kai kuka bankin a rubuce, idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ya ɗaukaka zuwa sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Mutane ƙalilan ne ke bin wannan hanya, alhali ana mayar da kuɗi ta cikinta.

A nan ya kamata a fahimci bambancin jingina iri biyu. Akwai cikakkiya, wadda aka rubuta, aka sami amincewar gwamna, aka biya harajin hatimi, aka yi mata rajista. Akwai kuma wadda aka ajiye wa banki takardun gida kawai tare da 'yar yarjejeniya. A ta biyun, banki ba zai sayar da gida ba sai ya je kotu ya samo umarni. A ta farkon kuwa, yana iya sayarwa ba tare da ya taka kotu ba. A yawancin jihohin Arewa har yau tsohuwar dokar Ingila ta 1881 ce ke aiki a kan wannan batu, kuma ta ce ikon sayarwa na tabbata idan an ba mai bashi sanarwa ya yi wata uku bai biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko ya saɓa wani sharaɗi na yarjejeniyar. Lauyoyin banki kan rubuta sakin layin da ke rage wannan wa'adi ko ya kawar da shi, kuma doka ta yarda da hakan idan an sa hannu. Jihar Kaduna ta yi tata dokar jingina a 2017, don haka mazaunin can ya nemi lauya ya karanta masa ita. Ko a ina ne, mai gida yana da damar fanso gidansa ta hanyar biyan abin da ake bin sa muddin ba a kammala sayarwa ba, banki ba shi da ikon sayar wa kansa ko yin cinikin haɗin baki, kuma duk rarar da ta rage bayan an cire bashi da kuɗin ɗawainiya ta mai gidan ce.

Bankin da ba ya mu'amala da ruwa

Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin irin waɗannan bankuna a 2011, bankin Jaiz ya buɗe a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, daga baya TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Kowannensu yana da kwamitin malamai da ke duba yarjejeniyoyinsa, Babban Banki ma yana da nasa kwamitin masana da ke sa ido a kansu.

Wanda ya shiga da tunanin zai sami arha zai fito da mamaki, domin bankin ɗan kasuwa ne, a kasuwa ɗaya yake da sauran, ribarsa kuma ba ta yin nisa da abin da kasuwa ke bayarwa. Bambancin yana cikin ginin yarjejeniyar, kuma yana da tasiri na zahiri a ranar wahala. A murabaha, banki ne ke sayen gidan ya sayar wa mutum da riba sananniya, a biya a hankali. Da zarar an ƙulla, farashin ya zauna ke nan, ko ma'aunin Babban Banki ya hau ko ya sauka, kuma jinkirin biya ba ya sa bashin ya haihu. Idan an ci tara, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Rauninta shi ne wanda ya sami kuɗi ya so biya da wuri ba shi da haƙƙin a rage masa riba sai abin da bankin ya ga dama ya yafe, sannan ba kasafai ake ba ta dogon wa'adi ba.

A ijara mai ƙarewa da mallaka, gidan na banki ne, mutum ɗan haya ne har ranar da zai kammala biya a mallaka masa. A musharaka mai raguwa kuma, su biyun ne suka yi tarayya a gidan, mutum na biyan hayar kason banki yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan. Waɗannan biyu sun fi dacewa da dogon wa'adi, amma ana iya sake duba kuɗin hayar lokaci-lokaci, don haka sai a tambaya a rubuce: yaushe ake sake dubawa, da wane ma'auni, kuma akwai iyakar da ba za a wuce ba? Sai a tambayi sunan da zai hau satifiket, da wanda zai biya kuɗin amincewar gwamna da rajista idan mallaka za ta sauya hannu sau biyu, da wanda manyan gyare-gyare da takaful, wato inshorar Musulunci, ke wuyansa. A ƙa'idar ijara, idan gini ya rushe ko ya ƙone ba da sakacin ɗan haya ba, asarar ta mai gida ce, wato banki, kuma ya kamata a ga wannan ƙarara a cikin takardar.

Kada kuma a manta cewa waɗannan bankuna ma suna karɓar jingina, wadda Alƙur'ani ya ambata a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, kuma idan rigima ta tashi Dokar Amfani da Ƙasa da kotunan ƙasa ne za su yi aiki. Wanda ya daina biya zai iya rasa gidan a nan ma. Haka nan idan mai bashi ya rasu, sai an biya bashin kafin a raba gado, shi ya sa takaful ɗin da zai biya ragowar bashi idan ta Allah ta kasance ya cancanci kuɗin da ake kashewa a kansa, don kada marayu su wayi gari da takardar tashi.

Kamfanin gini da ƙungiyar gama kai

Mafi yawan mutanenmu ta nan suke bi, saboda ba a tambayar satifiket, ba a tambayar takardar albashi ta wata shida. Kamfani zai nuna taswira da gidan gwaji, a ba da kafin alƙalami, a raba sauran zuwa wata 12 ko 24 ko 36. Sauƙin gaskiya ne, amma a cikin hanyoyin nan huɗu wannan ce doka ta fi barin mai saye a fili. Har ranar da zai gama biya, abin da ke hannunsa alƙawarin sayarwa ne kawai, filin na kamfani ne, kuma babu abin da zai hana a ce kamfanin ya riga ya jinginar da satifiket ɗin rukunin gidajen gaba ɗaya a wani banki. Idan kamfanin ya durƙushe, bankin da ke da jingina mai rajista shi ne a gaba, masu rasit suna baya. Akwai kuma sakin layin sauya farashi. Lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024, masu saye da dama sun sami wasiƙar ƙarin kuɗi a kan gidan da suka kusa gama biya. A duba abin da yarjejeniya ta ce idan an yi jinkirin wata biyu, nawa za a zaftare idan an fasa, yaushe za a mayar da sauran, da kuma hukuncin kamfanin idan shi ne ya saɓa ranar miƙa makulli. Wanda kuɗinsa suka maƙale yana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda aka kafa da dokar 2018, ko kotu, amma karɓo kuɗi daga kamfanin da ya karye aiki ne mai wuya.

Ƙungiyar gama kai ta wurin aiki ta fi wannan kwanciyar hankali. Rancenta ƙarami ne, ƙarin da take ɗorawa kaɗan ne, wasu ma ba sa ɗora ruwa sam, ciniki suke yi da mambobinsu, kuma gidan ba ya shiga jingina. Da irin wannan rance ake sayen fili bana, a yi harsashi baɗi, a yi rufi shekara mai zuwa. Haɗarinta yana kan masu tsayawa. Na san wata ma'aikaciyar jinya da ta sa wa abokiyar aikinta hannu saboda kunya, ba ta ko karanta fam ɗin ba. Abokiyar ta bar aiki ta koma wani gari, aka shiga yankar albashin wannan baiwar Allah har wata goma sha huɗu, ga 'ya'ya uku a makaranta. A doka, mai tsayawa ya ɗauki bashin ne a wuyansa idan mai shi ya gaza. A kuma tabbatar ƙungiyar tana da rajista da ofishin gama kai na jiha kuma ana binciken asusunta duk shekara, domin ajiyar da ke cikinta ba ta da kariyar hukumar inshorar ajiya ta NDIC.

Ranar da biya ya gagara

Akwai abubuwan da suka shafi duk mai bashin banki, kowace ƙofa ya bi. Tun daga watan Agustan 2020, tsarin GSI na Babban Banki ya ba bankin da ke bin mutum bashi damar cire kuɗi daga asusunsa na wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, idan ya sa hannu a kan wannan izini, kuma kusan kowace takardar lamuni yanzu tana ɗauke da shi. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai ake cirewa ta wannan hanya, ban da tara. Dokar bayanan bashi ta 2017 kuma ta sa ana aika sunan wanda ya ƙi biya zuwa cibiyoyin adana tarihin bashi, inda kowane banki zai gani, kuma kowa na da damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara ya nemi a gyara kuskure.

A ɗaya ɓangaren, bashi ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana kama wani a madadin wani. Inda mutum ke jefa kansa cikin laifi shi ne ba da cakin da babu kuɗi a asusunsa, wanda dokar 1977 ta tanadar wa ɗaurin shekara biyu, saboda haka a yi hattara da masu neman a ajiye musu cak mai kwanan wata na gaba. Abu biyu kuma nake roƙon mai karatu ya nisanta komai matsi. Na farko, cike giɓin biyan wata da rancen manhajojin waya, masu ruwa mai ƙuna da ɗabi'ar tozarta mutum a wurin 'yan uwansa, abin da ya sa FCCPC ta fara tilasta musu rajista a 2022. Na biyu, karɓar kuɗi a hannun wani mai hali a sa masa hannu a takardar saye da sayarwa da sunan amana ce kawai har a biya. Abin da aka rubuta shi kotu za ta fara karantawa, kuma gidaje da yawa sun salwanta ta haka. Wanda ya ga alamar zai gaza, ya rubuta wa bankin tun kafin wata na farko ya wuce ya nemi a sake tsara masa biya, idan kuma abin ya faskara, ya nemi izinin sayar da gidan da kansa, domin farashin da zai samu a kasuwa ya fi na gwanjo.

Wa ya dace da wace hanya

Ma'aikacin gwamnati ko na babban kamfani mai sauran shekaru 15 ko fiye kafin ritaya, wanda gidan da yake so ke da satifiket, kuma batun ruwa bai hana shi ba, ya nemi lamunin NHF ya jure jiran, ya kuma rubuta da mai gidan yadda za a yi idan kuɗin suka makara.

Wanda riba ta zame masa iyakar da ba ya tsallakawa, kuma samunsa na da ƙarfi, ya nufi bankin Musulunci. Idan zai iya gamawa cikin 'yan shekaru, murabaha ta fi masa saboda farashinta ba ya motsi. Idan yana buƙatar dogon wa'adi, ya ɗauki ijara ko musharaka bayan lauyansa, ba lauyan banki ba, ya karanta masa sharaɗin sake duba haya.

Lamunin bankin kasuwanci ya dace ne kawai da wanda ya riga ya tara mafi yawan kuɗin gidan, yake neman cikon da zai iya biya cikin shekara biyu ko uku, kuma yarjejeniyar ta ba shi damar biya da wuri ba tare da tara mai nauyi ba.

Wanda zai sayi gida a hannun kamfanin gini ya zaɓi wanda ya gani da idonsa an gama ko an kusa gamawa, ya sa a bincika satifiket ɗin rukunin a ofishin filaye, ya kuma nemi a ɗaura biyansa da matakan ginin.

Ɗan kasuwa ko mai sana'ar hannu da samunsa ke hawa da sauka, da ƙaramin ma'aikaci, da duk mai filin awon igiya, su bi ta gama kai ko adashi su yi gini a hankali, ɗaki biyu da banɗaki da katanga tukuna, su ware wani abu daga rancen farko su fara neman satifiket ɗin filin tun ginin bai yi nisa ba.